Hita, tukunyar gas da katin wuta: inda albashin ma'aikacin Abuja ke zurarewa da asuba

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke saukowa daga arewa ta lulluɓe Dutsen Aso da hazo, gidajen ma'aikata a Kubwa, Lugbe, Karu da Mararaba kan tashi tun da asubar fari. Wanda ke son isa Sakatariyar Tarayya da ƙarfe takwas, ba tare da cunkoson Nyanya ko na hanyar filin jirgi ya riƙe shi ba, dole ya bar gida gari bai gama wayewa ba. A cikin wannan sa'a guda da rabi ake kunna hitar banɗaki, a jefa wata a bokitin yara 'yan makaranta, a ɗora butar shayi, a jona dutsen guga saboda kaftanin da aka manta jiya. Kafin maigida ya ja ƙofa, 'yar jar fitilar da ke jikin mita tana ta ƙyaftawa kamar idon da ƙura ta faɗa wa. Da yamma idan ya dawo ya ga abin da ya rage a kati, sai faɗa ya sauka kan yaran da suka bar cajar waya a soket. An bar jaki ana dukan taiki.

Cajar da aka bari a soket babu waya a jikinta ba ta shan wutar naira 100 a wata. Hitar da ke maƙale a bangon banɗaki kuwa kan sha ta naira 500 kafin a gama karin kumallo. Kusan duk babban kuɗin wutar gida yana tafiya ne wajen abu biyu: samar da zafi, ko korar zafi. Sauran kayan gida, in aka haɗa su, 'yan rakiya ne.

Wannan lissafi bai dami kowa ba sai da farashi ya tashi. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta bakin mataimakin shugabanta Musiliu Oseni, ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya ga masu amfani da wuta na rukunin A daga abin da bai kai naira 70 ba zuwa naira 225. Rukunin A su ne waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta sa'o'i 20 ko fiye a rana, kuma hukumar ta ce kashi 15 cikin ɗari ne na masu amfani da wuta. A watan Mayu farashin ya sauko zuwa naira 206.80, a Yuli ya koma 209.50. A ƙarshen wannan wata na Yuli ne Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wato idan ƙaramin ma'aikaci ya juye albashinsa kaf a katin wuta, yunit 334 zai samu, ba a ma cire haraji ba. Alkaluman da ke tafe an gina su ne kan naira 210 a kowane yunit. Wanda farashinsa ya bambanta sai ya sauya lambar da tasa.

Akwai kuma tarihi a bayan sakacin. Shekaru da dama ma'aikacin tarayya a Abuja yana zaune a gidan gwamnati a Garki ko Wuse, ɗawainiyar gidan ba duka ce a wuyansa ba. A 2003 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ɓullo da tsarin mayar da alfarmomin ma'aikata kuɗi, ciki har da na gida da na wuta da ruwa, sannan daga 2005, lokacin Nasir El-Rufai yana ministan Abuja, aka shiga sayar da gidajen gwamnati. Takardar kuɗin wuta ta dawo hannun ma'aikaci, amma ɗabi'ar “wutar gwamnati ce” ba ta bar shi ba, domin kullum yana ganinta a ofis. A Fabrairun 2024 kamfanin rarraba wuta na Abuja, AEDC, ya wallafa sunayen ma'aikatu da hukumomi 86, har da fadar shugaban ƙasa, yana barazanar yanke musu wuta kan bashin da ya haura naira biliyan 47. Wanda ya saba fita daga ofis ya bar na'urar sanyaya ɗaki tana aiki har wayewar gari, da wuya hannunsa ya tuna da makunni idan ya koma gida.

Kuɗin bokiti ɗaya

Yunit ɗin da mita ke ƙirgawa shi ne abin da na'ura mai ƙarfin wat 1,000 ke sha cikin awa ɗaya. Ruwa kuwa yana da nauyin ɗumamawa: yunit ɗaya ba ya ɗaga zafin lita 86 sama da digiri 10. Daga nan komai ke fitowa. Ruwan da ya kwana a tanki da sanyin hunturu, a ce yana digiri 22, ana son ya kai digiri 40, wanda shi ne ɗumin da jiki ke jin daɗin wanka da shi. Bokiti mai lita 20 zai ci ƙasa da rabin yunit, kimanin naira 90. Gida mai mutum shida, kowa da bokitinsa, naira 540 ke nan a rana, sama da naira 16,000 a wata. Wannan shi ne kuɗin da ba makawa, muddin kowa zai yi wanka da ruwan ɗumi na lantarki. Abin da ya hau kansa ɓarna ce, kuma ɓarnar kan fi ainihin kuɗin yawa.

Hanyar ɓarna ta farko shawa ce. Shawa mai ƙarfi na zubar da lita 8 zuwa 10 a minti guda. Wanda ya tsaya ƙarƙashinta minti goma yana jin daɗin tururi ya kwarare ruwan da zai ishi mutum huɗu ko biyar wanka a bokiti. Hitar bango mai lita 50 da aka ɗumama zuwa digiri 60 tana cin yunit biyu da ɗan ɗori, kusan naira 460, kuma idan aka sirka ruwanta da na sanyi za a sami bokiti biyar. Ga mai shawa kuwa wankan mutum ɗaya ne, na biyu sai ya jira hitar ta sake zafi. Bokiti da kofin wanka, waɗanda wasu ke ganin an bar su a ƙauye, su ne ma'aunin da ya fi kowane tsimi a banɗaki.

Ta biyu ita ce barin hita a kunne dare da rana. Tankin hita yana da rufi mai riƙe zafi, amma zafin na sulalewa a hankali, na'urar kuma tana sake kunna kanta don cike giɓin. Masu ƙera irin mai lita 50 kan rubuta a takardarta cewa tana asarar kusan yunit ɗaya a rana ko da ba a buɗe famfo ba. A gidajen da kowane ɗaki ke da banɗakinsa, irin na Gwarinpa da sababbin rukunan gidaje na Lokogoma, hita uku a kunne na iya lashe yunit 90 a wata ba wanda ya jiƙa ko yatsa. Naira 18,900 ke nan, fiye da rubu'in mafi ƙarancin albashi. Hita mai wat 1,500 awa ɗaya da rabi take buƙata ta kai ruwanta digiri 60. Don haka a kunna ɗaya tak idan an tashi, kowa ya ɗebi nasa daga can, a kuma kashe ta kafin a fara wanka. Kashewar kafin wanka na da dalili biyu. Duk ruwan zafin da aka ɗiba, na sanyi ne ke maye gurbinsa a tanki, kuma idan hitar na kunne za ta ɗumama wannan sabon ruwa wanda ba mai taɓa shi sai gobe. Na biyu kuma, a gidan da wayarsa ta ƙasa ba ta da inganci, jiƙaƙƙen jiki da hita mai wuta ba abokan zama ba ne.

Akwai ɗan makulli a ƙasan yawancin hitoci da ke daidaita iyakar zafi, wanda galibi masu haɗawa ke murɗawa har ƙarshe su tafi. Kai lita 50 zuwa digiri 75 na cin yunit uku, ga ƙarin asara ta jikin tanki, ga haɗarin ƙona yara. Digiri 60 ya wadatar. Sai dai kada tsimi ya sa a sauko ƙasa da haka, domin ruwan da ke kwana a tanki da ɗumi-ɗumi wuri ne da wata ƙwayar cutar huhu ke yaɗuwa, shi ya sa ƙa'idojin lafiya suka tsaya kan 60.

Hitar da ake jefawa a bokiti, duk da mummunan sunanta, ba ta da ɓarnar wuta sosai, tunda duk zafinta a cikin ruwan yake tsayawa. Aibinta na rai ne. Ana tsoma hannu a ji ko ruwa ya yi alhali tana jone, ko a manta da ita ta narkar da bokitin roba gobara ta tashi. Gidan da ke da ƙananan yara, gara ya haƙura da ita.

Gas ko lantarki?

Tambayar da ake yawan yi a ofisoshi ke nan, kuma kowa na kafa hujja da gidansa, alhali amsar na rataye ne da rukunin da mutum yake. Kilo ɗaya na gas na ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan yunit 13 na lantarki, amma kimanin rabinsa ne kawai ke shiga tukunya, saura na bin gefenta ya ɗumama kicin. Butar lantarki kuwa kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ta sha yana shiga ruwa. Idan aka daidaita, aikin da kilo ɗaya na gas ke yi daidai yake da na yunit bakwai da rabi a buta, wato kimanin naira 1,600 ga ɗan rukunin A. Muddin ana sayar da kilon gas ƙasa da haka, ɗan rukunin A ya ɗora ruwansa a kan gas. Idan rishon lantarki mai jan ƙarfe yake amfani da shi, wanda ya fi buta ɓarna, to ratar ta ƙara faɗi, domin aikin kilo ɗaya zai ci masa kusan naira 2,000.

Ga ɗan rukunin B zuwa ƙasa, wanda ƙarin 2024 bai shafa ba kuma yunit ɗinsa bai kai naira 70 ba, lissafin ya juye: yunit bakwai da rabi bai wuce naira 525 ba, kuma an daɗe rabon da a ga kilon gas a wannan kuɗi. Shi dabararsa ita ce ya tafasa ruwa lokacin da aka kawo wuta ya zuba a babban fulas, ya adana gas ɗinsa don girki. Maƙwabta biyu da titi ɗaya ya raba, idan layukan wutarsu daban ne, shawarar da ta amfani ɗaya za ta cuci ɗaya.

Abin da bai dace da kowa ba shi ne ɗumama ruwa da janareta. Ƙaramin janareta na fitar da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu ne daga litar fetur. Idan lita na naira 900, yunit ya kama naira 450 zuwa 600, ninki biyu zuwa uku na farashin rukunin A. An ƙona mai an sami zafi, an mayar da ɗan kaɗan daga zafin lantarki, sannan an sake mayar da lantarkin zafi. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan zagaye ya zama almubazzaranci tsantsa.

A kicin kuma tsofaffin dabaru ne ke aiki. Murfi a kan tukunya, harshen wuta da bai wuce gindinta ba, jiƙa wake tun dare, rage wuta da zarar an tafasa tunda ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar. Tukunya mai matse tururi na dafa wake ko ganda cikin ƙasa da rabin lokacin da aka saba. Shinkafar da ta tafasa minti biyar, idan aka sauke aka naɗe tukunyar da tsohon bargo, za ta ƙarasa nuna da zafin jikinta. Rana ma ba ta karɓar ko kwabo: baƙar jarka cike da ruwa da aka ajiye a tsakar gida da hantsi za ta ba yara ruwan wankan yamma, ko da hazo ya rage mata kaifi.

Sanyin Abuja bai kai na Jos ko na Kano ba, amma yakan sa wasu su nemi abin ɗumama ɗaki, musamman inda ake da jariri ko tsoho. Na'urar ɗumama ɗaki mai wat 2,000 idan ta yi awa biyar ta sha yunit goma, naira 2,100 a dare ɗaya. Toshe ƙasan ƙofa, labule mai kauri, darduma a kan tayil da bargo na biyu sun fi ta araha nesa ba kusa ba. Abin da ya wajaba a guje masa ko ta halin ƙaƙa shi ne shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe tagogi. Gawayi na fitar da iskar guba marar launi marar wari, irin wadda janareta ke fitarwa, tana sa barci mai nauyi wanda ba a tashi daga gare shi. Kusan kowace shekara sai jaridu sun kawo labarin iyalin da aka wayi gari babu su ta wannan hanya.

Idan bazara ta kama

Daga Maris zuwa Afrilu, zafin Abuja kan haura digiri 35, hita ta huta, na'urar sanyaya ɗaki ta karɓi ragamar cin kati. Tsohuwar na'ura mai ƙarfin doki ɗaya da rabi kan sha yunit shida zuwa takwas a daren awa takwas, wato naira 1,300 zuwa 1,700. Fankar sama a tsawon wannan lokaci ba ta wuce naira 130. Mutane da yawa na sa na'urar a digiri 16 da zaton ɗaki zai fi saurin sanyi, alhali saurinta ɗaya ne, illa dai injinta ba zai taɓa hutawa ba, daga baya kuma a ja bargo. Indiya, wadda zafinta ya fi na Abuja, ta wajabta wa masu ƙera na'urorin su saita su a digiri 24 tun daga Janairun 2020. Sifaniya ma, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya tsadar da gas a 2022, ta hana wuraren jama'a sauko da tasu ƙasa da 27, Jamus kuma ta taƙaita ɗumama gine-ginen gwamnati a digiri 19. Digiri 25 tare da fanka na ba da barci mai daɗi, idan an wanke matatar ƙurar da hunturu ya toshe.

Batun firiza sai an yi masa adalci. Kwanaki kaɗan bayan ƙarin farashin, Ministan Wutar Lantarki Adebayo Adelabu ya zargi 'yan Najeriya da barin firiza da na'urar sanyaya ɗaki a kunne saboda wuta na da araha, maganar da ta jawo masa suka har ya nemi afuwa. A kan na'urar sanyaya ɗakin da ake bari a gida babu kowa, yana da gaskiya. A kan firiza kuwa shawarar ba ta da riba. Firiza mai lafiya na kashe kanta idan ta kai sanyin da aka saita, kuma matsakaiciya ba ta cika wuce yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi a rana ba. Wanda ya kashe tasa da safe don tsimin naira 150, aka ɗauke wuta da rana ba a dawo da ita ba sai gobe, naman dubban nairori ya sa a caca. Abin dubawa shi ne robar bakin ƙofa: a maƙale takarda a rufe, idan ta zare ba tare da turjiya ba, sanyi na tsiyaya. A janye firizar daga jikin bango da kusa da murhu, kada a saka miya da zafinta, a kuma cike wurin da ba kaya da gorunan ruwa, waɗanda ƙanƙararsu ke riƙe sanyi idan wuta ta tafi.

Fitila ba ta da dogon bayani. Tsofaffin ƙwayaye goma masu wat 60, awa shida a dare, yunit 108 ne a wata, sama da naira 22,000. Na zamani masu wat 9 da ke ba da haske iri ɗaya ba su kai naira 3,500 ba. Guga kuma a tara na mako a yi shi zama ɗaya.

Duk wannan na da amfani ne ga mai mita. Kusan rabin masu amfani da wuta a Najeriya har yanzu kuɗin ƙiyasi ake kawo musu, kuma wanda ake yi wa ƙiyasi ko ya kwana a duhu takardarsa ba za ta ragu ba. Haka gidajen haya na Nyanya da Dutsen Alhaji inda ɗakuna shida ke kan mita ɗaya: mai fanka da rediyo na biya wa mai hita da rishon lantarki, kuma daga nan ake fara gaba tsakanin maƙwabta. Ƙaramar mita ta kowane ɗaki, wadda masu aikin lantarki ke haɗawa bayan babbar, ta raba gardama da yawa. Ɗan rukunin A kuma yana da haƙƙin da ya kamata ya sani. Umarnin NERC na Afrilun 2024 ya tanadi cewa layin da ya kasa ba da sa'o'in da aka alkawarta kwana bakwai a jere za a sauke shi zuwa rukunin da ya dace da wutar da yake samu. A wannan watan ma hukumar ta ci tarar AEDC naira miliyan 200 saboda ɗora sabon farashin kan waɗanda ba 'yan rukunin A ba. Wanda ke rubuta sa'o'in da aka ɗauke masa wuta a ɗan littafi yana da abin nunawa a ofishin kamfani, idan ba a saurare shi ba ya wuce zauren sauraron koke-koke na NERC.

Wahalar da ta rage ta cikin gida ce. Gidan ma'aikacin tarayya, balle na hadimin ɗan majalisa ko na minista, ba ya rabuwa da baƙi: ƙanin da ya zo neman aiki, ɗan'uwan da ya zo ganin likita a Babban Asibitin Ƙasa, mutanen mazaɓa da suka kwana biyu suna jiran ganin maigida. Ba wanda zai iya tsayawa a ƙofar banɗaki yana ƙirga wa baƙo mintoci, kunya ba za ta bari ba. Abin da ke yiwuwa shi ne tsarin da ba ya buƙatar magana: a kashe hitar ɗakin baƙi daga babban akwatin wuta, a kai wa baƙo bokitin ruwan zafi har ƙofa, wanda a al'ada ma karramawa ce. Mai aikin gida da yara kuwa, nuna musu lamba ya fi faɗa tasiri. A rubuta abin da mita ta nuna da ƙarfe biyar na asuba, a sake dubawa da ƙarfe bakwai, a ninka bambancin da 210 a gabansu. Washegari a maimaita da hita ɗaya da bokiti, a ajiye lambobin biyu gefe da gefe a jikin ƙofar firiji.